Farashin Farko

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya bambanta ta da sauran ranaku. Rana ta yi ja ta sauka bayan katanga, kaji sun shige akurki, Inna Ba-Ragi tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana ninke yadin da ta dawo da shi daga kasuwa. Shekara talatin da ɗaya tana rumfa ɗaya. A can aka laƙaba mata sunan, don idan ita ke sayarwa ba ta ragi, idan kuwa ita ke saye sai mai kaya ya yi gumi ya share. Mijinta ya rasu ya bar mata yaro ɗaya da filin da ko katanga babu. Da cinikin yadi ta tayar da gidan nan, ɗaki bayan ɗaki, kuma babu bulo ko ɗaya a cikinsa da ta saya a kan kuɗin da aka fara faɗa mata.

Yaron nan shi ne Saje. Shekara goma sha tara ya yi a soja, ya dawo da takardar sallama, da ƙafar hagu mai ɗan ja, da shiru mai yawa. Aikin gadi aka yi ta kawo masa, kamar yadda ake kawo wa duk wanda ya tuɓe kaki. Inna ta ce ɗanta ba zai tsufa a bakin ƙofar wani yana sara wa motar yara ba. Ita ta zaɓa masa dillancin gidaje. Ta ce sana'a ce ta baki da ƙafa, kayanta ba sa ruɓa, ɓera ba ya cin su. Kuɗin sallamarsa ya tafi ga makarantar koyon aikin, wata shida cur. Abin da ya rage masa biyu ne: jarrabawa, da sa hannun tsohon dillalin da yake bi, wanda sai da shi ake ba mutum lasisi.

A yammacin nan Saje yana kan tabarma da littattafansa. 'Yarsa, wadda ake kira Takwara don sunan Inna aka sa mata, ta harɗe ƙafa a gabansa tana yi masa tambayoyi da fuska a murtuke kamar malamar makaranta. Shekarunta goma sha huɗu. Duk amsar da ya kuskure sai ta ce ya tashi ya yi tsallen kwaɗo, tunda shi ma ya sa 'ya'yan mutane a soja. Matar Saje tana kicin tana dariya. Inna ba ta karanta komai sai lambobi, amma ta kasa kunne, don a ganinta duk abin da ke cikin littafin nan ita ta riga marubucinsa saninsa.

Kusa da gwiwar Saje akwai makullai bakwai a zobe ɗaya. Na gidansa na farko ne, wato gidan farko da tsohon dillali ya damƙa masa ya shirya ya nuna wa masu saye. Gida ne a ƙarshen wani layi, ya shekara ashirin a rufe saboda magada sun ƙi jituwa, sai bana suka gaji da juna suka ce a sayar. Kwana huɗu Saje ya yi a cikinsa. Ya share, ya ƙone tarkacen da ya tarar a ɗakin baya, ya shafa farin fenti, ya auna kowane ɗaki da tef ya rubuta, ya buga allo a jikin ƙofa.

Takwara ta duba littafi ta ce, "Tambaya ta tara. Kafin a tashi mai zama a gida, me ya wajaba a fara yi?"

Saje ya buɗe baki zai amsa, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Matar Saje ta leƙo ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, sannan na uku, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Na huɗu ya gangaro ya tsaya a gaban tabarma. Inna ta miƙa hannu ta ɗauka. Ba dutse ba ne, ɓallen siminti ne, gefe ɗaya da farin fentin da bai gama bushewa ba. Ta dubi hannun ɗanta, inda irin fentin yake maƙale a gindin farce. Ana fara kiran sallar magariba, makullan nan bakwai suka kaɗa su kaɗai a kan tabarma, ba iska, ba hannu.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana komai lafiya. Inuwa na fara tsawo sai warin tsumma mai ƙonewa ya cika tsakar gida, a duba murhu a ga babu wuta. Jifa ya biyo baya. Da safe kuma a tarar da kowace ƙofa a buɗe, har da ta akwatin Inna, ba a ɗauki ko allura ba. Matar Saje ta daina shiga ɗakin ajiya, ta ce tana jin murya a ciki, ƙasa-ƙasa, tana ƙirga: ƙafa goma sha biyu, ƙafa tara, ƙafa goma sha biyu, ƙafa tara.

Inna ta ce hassada ce. Mutane sun ga ɗanta zai zama mutum, shi ne aka taso shi a gaba. Ta hana a gaya wa kowa, ta ce ba za a kai gidanta bakin duniya ba.

A yammaci na shida aka nemi Takwara aka rasa. Inna ce ta same ta a cikin ɗakinta, ita Inna, a durƙushe, idanu a rufe, ta ja tef ɗin ubanta daga bango zuwa bango. Ɗaya bakin tef ɗin yana can a kusurwa, a miƙe, a danne, kamar wani ya riƙe mata. Inna ta kira ta. Yarinyar ta juyo da fuskarta, ba ta buɗe ido ba, ta yi magana da muryar da ta tsufa fiye da duk wanda Inna ta taɓa sani.

"Wannan ya fi faɗi. Wa ke kwana a nan?"

Sannan ta faɗi. Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta sha ba, jikinta sanyi kamar randa, leɓenta na motsi tana ƙirga.

Tsohon dillali ya zo da kansa da ya ga Saje bai fita aiki ba. Dattijo ne mai gajeren gemu, wanda ya sayar da gidaje fiye da yadda zai iya tunawa. Ya dubi yarinyar, ya dubi tulin ɓallen simintin da aka tara a bokiti, ya zauna a hankali. Tambaya ɗaya ya yi wa Saje: da ya je gidan nan ranar farko, ya ƙwanƙwasa? Ya yi sallama?

Saje ya sunkuyar da kai. Dattijon ya tuna masa abin da ya gaya masa tun ranar da ya fara binsa, abin da babu shi a littafin makaranta. Gidan da ya daɗe a rufe, sai ka ƙwanƙwasa sau uku, ka yi sallama, ka tsaya. Ka shiga ka buɗe tagogi, ka faɗa da ƙarfi cewa masu gida suna son gidansu nan da kwana uku, ka fita ba ka taɓa komai ba. Bayan kwana ukun ka dawo da tsintsiyarka. Ya ce shi bai taɓa ganin kowa ba, amma bai taɓa fasawa ba, don ko ɗan haya ana ba shi notis.

Saje ya ɗago kai. Ya ce ya je da niyyar yi. Ya tsaya a gaban ƙofar, ya ɗaga hannu, hannun ya ƙi. A fagen dagar da ya fito, wanda ya tsaya tsakiyar ƙofa a rufe ya sanar da zuwansa, shi ake ɗaukowa a bargo. Ya ga an ɗauko biyu. Don haka ya koma gefe, ya murɗa makulli, ya tura da ƙafa, ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana duba kusurwa kamar yadda jikinsa ya saba. Da ya ga babu kowa, ya rubuta a takarda: babu kowa.

Inna ba ta taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba tun dawowarsa. Ta kawar da kai.

Dattijon ne ya kawo malam washegari bayan la'asar. Siriri ne, ba shi da yawan magana, da ɗan littafi a hannu da gorar ruwa. Ya sa aka kwantar da Takwara a tabarma a tsakar gida, uwarta ta riƙe mata kai. Kafin ya fara ya ce idan baƙon da ke jikinta ya yi magana, kada kowa ya amsa sai shi. Da ya faɗi haka, Inna ya kalla, don labarinta ya riga ta isa ko'ina.

Ya yi ta karatu har rana ta sauka kan katanga. Warin tsumma ya taso. Yatsun ƙafar yarinyar suka fara rawa, rawar ta hau har ƙirji, sannan ta tashi zaune tsaf kamar an ja ta da igiya.

Malam ya tambayi baƙon ko shi wane ne, kuma me yarinya ta yi masa. Muryar ta ce yarinya ba ta yi komai ba, masauki ce kawai. Su goma sha ɗaya ne, shi ne babba. Sun sami gida a rufe, sun zauna, ba su taɓa tsorata ko akuyar maƙwabci ba. Ranar nan mutum ya banko ƙofa da ƙafa suna zaune. Ya tattara shimfiɗarsu ya sa wuta. Ya shafe bangon da suke jingina. Suka bi makullai suka zo.

Malam ya ce an yi musu laifi, amma laifin jahilci ne, kuma shiga jikin 'yar mutane zalunci ne da za a tambaye su a kansa. Ya ƙara karatu har yarinyar ta toshe kunnuwa. Sannan ya ce ya faɗi abin da zai sa su fita.

"A cire allon. A mayar da makullai. A bar gidan a rufe yadda muka same shi. Kafin a gama kiran salla yarinyarku tana hannunku."

Tsohon dillali ya sauke numfashi. Ya raɗa wa Saje cewa wannan mai sauƙi ne. Zai gaya wa magada gidan ba ya sayuwa yanzu, za su yi fushi su haƙura. Sai dai ba zai iya sa masa hannu bana ba, tunda gidan farko ya lalace a hannunsa, sai baɗi. Saje ya gyaɗa kai. Malam ya buɗe baki zai karɓa.

"Albarka," in ji Inna.

Ita kanta ba ta san ta faɗa ba sai da ta ji muryarta. Amma da ta faɗa, sai ta tsaya a kai. Shekara talatin da ɗaya sun koya mata cewa duk wanda ya yi saurin faɗin farashi, akwai wani a ƙarƙashinsa. Shekara guda kuma ba wasa ba ce ga mutumin da shiru ke ci kullum. Ta gyara zama ta taya: su koma ɗakin baya, a toshe ƙofarsa da bulo, ba mai taɓa su, sauran gidan a sayar. Su goma sha ɗaya da ba sa cin wuri, me za su yi da ɗaki biyar?

Malam ya ce, "Inna, na roƙe ki."

Bakin Takwara ya buɗe, dariya ta fito a hankali, busasshiya kamar ana taka kara.

"Mun san mai yanke magana a gidan nan, da ita za mu yi. Amma ki sani, 'yar kasuwa, namu ba ya sauka. Duk abin da na faɗa ɗazu yana nan. Ga ƙari: ɗanki ba zai ƙara riƙe makullin gidan wani ba har ya mutu. Ranar da ya riƙe, mu dawo masaukinmu."

Saje ya ce ya yarda. Ya faɗa sau biyu. Muryar ba ta ko juya wajensa ba. Malam ya ce wa Inna ta karɓa yanzu, tun ƙofar tana buɗe, ya ce ya ga irin wannan, ba a jan su. Matar Saje tana kuka ba sauti, tana kallon bakin surukarta.

Inna kuwa abin da take gani daban ne. Tana ganin wata shida, da littattafan nan, da rigar da aka ɗinka don ranar jarrabawa. Tana ganin ɗanta a kan benci a bakin ƙofar wani. Ta san wannan wasan: mai kaya ya hau sama don ya tsorata ka, ka koma ka roƙi na farko. Maganinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa ba ta kunya ba. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta zura takalma, ta ce to a bar shi, ba dole. Ta juya baya ta nufi ƙofar gida.

Tana tafiya tana ƙirga taku a zuci. A duk rayuwarta ba a taɓa barinta ta wuce na bakwai ba. A na huɗu galibi ake cewa, dawo Inna, kawo kuɗin. Mai taurin kai ya kai na shida.

Huɗu. Biyar. Ta rage sauri. Shida. Bakwai. Babu abin da ta ji sai ƙarar takalmanta. Takwas. Tara. Hannunta ya taɓa ƙarfen ƙofa, aka fara kiran salla daga nesa, sai ihun matar Saje ya tsaga gidan.

Ta dawo da gudun da ta manta tana da shi. Takwara tana kwance, ido a kafe, leɓe ya yi toka. Saje ya sa kunne a ƙirjinta, ya danna, ya hura mata iska a baki kamar yadda aka koya masa, ya sake dannawa. Malam yana karatu da ƙarfi, gumi na ɗiga daga gemunsa, yana yayyafa ruwa. Aka gama kiran salla. Duhu ya fara cin kusurwoyin gida. Inna ta durƙusa ta kama ƙafar jikarta, ƙafar da ta sha wankewa, ta ji ta kamar dutsen niƙa.

Can da daɗewa ƙirjin ya ɗaga. Muryar ta dawo, a gajiye, daga nesa, kamar daga ƙasan rijiya.

"Wanda ya tashi ya bar ciniki, ciniki ya mutu. Wancan gidan ba ma sonsa kuma, warin fenti da hayaƙi yake. Mun auna wannan. Ya yi mana. Makulli kuma yana nan yadda na faɗa. Mai gida ta faɗa da bakinta."

Malam ya gwada. Ya yi musu tayin kango, ya yi tayin daji, ya yi barazana da karatun da zai ƙone su. Muryar ta ce ya ƙona, amma ya duba a cikin wa suke zaune. Malam ya dubi yarinyar, ya dubi Inna, ya rufe littafinsa.

Inna ta ɗaga kai ta bi gidan da kallo. Ɗakin da ta fara ginawa, wanda ta kwana a ciki ba rufi damina guda. Kicin ɗin da ta yi rigima da magini kwana uku a kansa. Dakalin da Saje ya zauna ranar da zai tafi soja. Bakinta ya motsa, kuma Allah ya sani, abin da ya fara zuwa kan harshenta shi ne ta ce a bar mata ɗaki ɗaya. Ta cije shi har ta ji gishirin jini.

"Na sallama," ta ce.

"Kwana uku," in ji muryar. "Mu muna ba da notis. Ɗanki dillali ya zo ya nuna mana gidan da kansa, yadda ake yi."

Takwara ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta nemi ruwa. Da ta sha, ta dubi ubanta ta tambaye shi ko ya amsa ta tara ɗin, ko tsallen kwaɗo zai yi. Saje ya rufe fuska da hannu biyu.

A rana ta uku, da la'asar sakaliya, kaya sun riga sun tafi a mota. Saje ya sa rigar jarrabawa. Ya tsaya a tsakiyar ƙofar gidan uwarsa, daidai tsakiya. Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa sau uku, ya yi sallama, ya jira. Sannan ya shiga. Inna tana waje tana jin muryarsa daga ɗaki zuwa ɗaki, yana bayani tsaf yadda aka koya masa: nan rana ke shigowa da safe, nan kwano na yoyo kaɗan idan ruwa ya yi ƙarfi, wannan ƙofar sai an ɗan ɗaga ta. Bai ɓoye aibi ko ɗaya ba. Tsohon dillali, da ke tsaye kusa da ita, ya ce a hankali da Saje ya yi dillali na kirki.

Saje ya fito, ya ajiye makullai a kan dakali. Ba su kai kwanar layi ba suka ji an ja sakata daga ciki.

Yanzu ɗaki biyu suke haya a bayan kasuwa. Wancan gidan na magada, wani dillali ya sayar da shi bayan wata biyu, masu shi suna zaune lafiya har da jariri. Saje yana gadi a wata ma'aikata. Sandar ƙarfe yake ɗagawa mota ta wuce, makullin ƙofar yana hannun wani. Takwara ta warke, sai dai ba ta tuna komai, kuma har yau tana tambaya me ya sa aka tashi. Littattafan suna ƙarƙashin gado, uwarta ta hana a taɓa.

Inna takan bi ta tsohon layinsu idan ta taso daga rumfa, ko da yake ba hanyarta ba ce. Tagogin a buɗe suke. Wani lokaci takan ji ana shara a ciki. An gyara inda kwanon ke yoyo.

Rannan ta tsaya gaban mai tumatir da suka shekara ashirin suna fafatawa. Ta nuna kashi ɗaya, ya faɗi kuɗi, irin wanda ake faɗa don a buɗe faɗa, ya gyara tsayuwa yana murmushi yana jiran ta zage shi. Ta kwance bakin zani ta miƙa masa.

Ya ƙi karɓa. Ya ce, "Haba Inna. Ki taya mana."

"Zuba mini," ta ce. "Magariba ta kusa."